Yinin Mombasa

Ban taɓa taka Mombasa ba. Amma da za ka tashe ni daga barci yau ka ce in faɗa maka yadda mutum zai yi yini guda a garin, daga saukowarsa jirgin ruwa da hantsi zuwa faɗuwar rana, zan zayyana maka tiryan-tiryan. Na daɗe ina tsara wannan yinin a kaina, kuma a tsakiyar Riyad na tsara shi, garin da ko kududdufi ban taɓa gani ba.

Sunana Sabo, mutumin Ringim ne ni. Tuƙin mota ya kai ni Saudiyya a tsakiyar shekarun 1980. Wanda ya ɗauko ni, wato kafilina, sunansa Salihu, ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini, gidansu yana unguwar Suwaidi. Ranar da na sauka ya karɓi fasfona ya jefa a durowar ofishinsa, ya ba ni igama, ɗan littafin shaidar zama. A can haka ake yi wa kowa. Ba ka barin ƙasar sai kafili ya sa hannu, in kuwa ka gudu ya kai rahoto, ka zama abin farautar 'yan sanda.

Direba aka ɗauko ni, amma ban daɗe a direban ba. Mahaifin Salihu tsoho ne da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kowa a gidan Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Wata rana na ɗauke shi daga mota na aza a kekensa ba tare da na fama masa kafaɗa ba. Shi ke nan na jawo wa kaina. Daga ranar ya ce ba wanda zai sake taɓa shi sai ni. Ni ne wanka, ni ne alwala, ni ne tura keke zuwa masallaci, ni ne juya shi a gado. Kada ka ɗauka so ne. Tsohon nan bai taɓa sakar mini fuska ba. In na miƙa masa gahawa sai ya sunsuna kafin ya kurɓa, in na je sayen magani na ɗan jima sai ya tambayi inda na tsaya da wanda na yi magana da shi. Ban yarda da shi ba, shi ma ban ga alamar ya yarda da ni ba, a haka muka yi shekaru ina saɓa shi a kafaɗa.

Hutuna ɗaya ne, ranar Juma'a daga saukowa masallaci zuwa magariba. Unguwar Manfuha nake zuwa, ɗakin 'yan uwanmu Hausawa leburori da direbobi, katifu jibge a kusurwa, kandishan yana ƙara kamar injin niƙa amma zafi yana nan. Babbanmu a ɗakin Malam Haruna, magini ɗan Sakkwato, shi ke tuƙa mana tuwon shinkafa da miyar kukar da ake aiko masa. A wancan zamani labarin gida a kaset yake zuwa. Alhazai su taho da shi Makka, wani ya ɗauko ya kawo Riyad. A wata Juma'a aka miƙo mini nawa, muka sa a rediyon Malam Haruna.

Muryar Inna ce, mahaifiyata.

"Sabo, ni ce. An ce in matso da bakina kusa da akwatin nan. Lafiyata lau, sai dai ido. Na dama ya riga ya tafi, da na hagun nake lallaɓawa, shi ma kullum kamar ana ƙara ja mini labule. Ƙanenka ya kai ni asibitin ido a Kano, sun ce jijiya ce, ba abin da za a yi aiki a kai ba ne. Ba na son atamfa, ba na son komai. Ka zo in ga fuskarka tun ina iya gani."

Ba wanda ya sake sa hannu a tuwon.

Washegari na je ofishin Salihu, na tsaya a bakin ƙofa har ya gama waya. Na roƙe shi hutu da bizar fita da dawowa. Ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe. Wanda duk ya zauna a ƙasar nan ya san wannan goben ba ta wayewa. Na koma, ya ce gobe. Da na dame shi sai ya ajiye alƙalami ya dube ni.

"Ya Sabu, in ka tafi wata biyu, wa zai kula da Baba? Ka san ba ya yarda da kowa. Ka yi haƙuri."

Na fito ina jin kamar in kama sitiyari in karya.

Kaset ɗin nan ya koma zama a cikin mota. Wata rana ina dawo da Baba daga asibiti, na ɗauka barci yake yi, na kunna a hankali. Sai na ji muryarsa daga baya.

"Wace ce wannan?"

Na ce mahaifiyata ce. Da guntun Larabcina na haɗa masa: ido, ciwo, yana rufewa, tana son ta gan ni. Na duba madubi in ga abin da zai ce. Sai ya kawar da fuska ya juya wajen taga.

"Kashe," in ji shi. "Yana damuna."

Wallahi ranar na tsani tsohon nan. Na yi masa wanka da yamma hannuna yana aikinsa, zuciyata tana cewa Allah ya isa.

Ba a daɗe ba maganar jirgin ruwa ta taso. Likita ya ce iskar teku za ta yi wa Baba amfani. Salihu ya shigo da takardun talla masu hotuna, manya-manyan jiragen masu yawon shaƙatawa, da bishiyoyin kwakwa, da farin yashi, da Turawa kwance rabi tsirara. Na ji shi yana yi wa matarsa mita cewa shi wanda ya nufi Turai ya so, amma tsohon ya kafe sai wanda zai gangara Afirka, wanda zai yi yini guda a wani gari Mombasa. Daga Jidda za a shiga. Baba, da Salihu da iyalinsa, da ni mai ɗaukar Baba.

Abin bai kwanta mini ba. Mutumin da ko Habashawan da ke share titi ba ya son su matso kusa da kekensa, me zai kai shi Afirka?

Na kai maganar Manfuha. Ɗaki ya kaure. Wani ya ce a can za su yar da ni su huta da naci. Wani ya ce tsohon maganin gargajiya zai nema, kuma irin wannan magani ba a rasa abin da ake yanka masa, in kula da wuyana. Ana cikin haka wani mutum da ke jingine da bango ya gyara murya. Bala Jidda ake ce masa, saboda ya taɓa dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ba wanda ya san aikinsa a Riyad, amma kullum farar jallabiyarsa a goge take, Larabci a bakinsa kamar a nan aka haife shi, kuma kowane ofis yana da aboki.

"Ku duk ba ku ga abin da nake gani ba," in ji Bala. "Sabo, ba za a fita da kai ƙasar nan ba sai an ciro fasfonka daga durowa. Rana ɗaya tak ƙafarka za ta taka Afirka. Me kake jira?"

Nan ya shimfiɗa mini yinin, kamar jiya ya baro garin. Jirgi yana tsayawa da hantsi, ya busa ƙaho da magariba ya tashi, kuma ba ya jiran kowa. Fasinjoji suna sauka a zuba su a motoci, wasu a kai su kallon namun daji, wasu tsohuwar ganuwa, wasu kasuwar sassaƙa. Ni kuma in tura Baba har bakin motar, in ce zan kama ruwa. Kada in ɗauki jaka, in sa riga biyu a jiki. In bi ta cikin masu tallan kwakwa da gumakan katako, in tambayi masallacin tsohon gari, mutanen wurin Musulmi ne. In yi azahar, in gai da liman, in ce masa baƙo ne ni, zai sa a raka ni tasha. Kada in ci abinci a bakin ruwa, kada in shiga tasi ni kaɗai, kada in waiwaya.

"Daga nan kuwa sai mota," in ji shi. "Afirka ce fa. Kwana uku kana Kano."

Malam Haruna ya ce, "Alhaji Bala, ka taɓa zuwa?"

"Jiragen da ke zuwa can ni nake loda su, Malam."

Malam Haruna ya ƙyale shi. Sai da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya ce, "Sabo, uwa uwa ce, ba zan hana ka ba. Amma mutumin da ba ya iya juya kansa a gado za ka bari cikin rana a ƙasar da bai sani ba. Ka yi tunani. Sannan wannan Bala, tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yi wa wani abu a banza ba. Me ya ce ka ba shi?"

Na ce bai nemi komai ba.

"To wannan shi ne abin tsoron."

Duk da haka na ɗauki shirin. Ina tura keke zuwa masallaci ina bitar yinin a kaina: hantsi, mota, kama ruwa, masu kwakwa, masallaci, liman, tasha. Ina gyara shi ina ƙara masa. In Salihu ya ce shi zai raka ni banɗaki fa? In Baba ya ƙi sauka daga jirgi fa? Na zaɓi rigunan da zan haɗa a jiki, na fara sabawa da tafiya da sauri ba tare da ta zama gudu ba. Na daina haɗa ido da tsohon, don ina ganin zai karanta komai a fuskata.

Wata la'asar an aike ni ɗauko yara daga makarantar karatun Alƙur'ani. Ina karyo kwana sai ga Bala Jidda yana fitowa daga ƙofar gidanmu, ƙofar ɓangaren Baba. Ya hango motar, ya ɗaga mini hannu, ya sa kai cikin lungu da sauri. Bala bai taɓa tambayata inda gidan yake ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba.

Na shiga na tarar da Baba kamar kullum, carbi a hannunsa mai lafiya. Sai washegari ina yi masa alwala ya ce:

"Ya Sabu, jirgin nan da safe yake tsayawa a Mombasa?"

"Haka na ji, Baba."

"Mutum in ya fita da safe, zai iya dawowa kafin magariba?"

Butar ta kusa suɓuce mini. Na ce ban sani ba.

"Ka san hanya a can?"

"Ban taɓa zuwa ba, Baba."

Ya ƙura mini ido. "Jirgi ba ya jira," in ji shi. "Wanda ya makara, ya makara."

Na ce shi ke nan, Bala ya sayar da ni. Tarko suka ɗana, za su bari in motsa a kama ni, ko tun a Jidda a danƙa ni hannun 'yan sanda. Tambayoyin kuwa ba su tsaya ba. Yau ya tambaye ni ko akwai tasi a ƙasarmu, gobe ya tambaya ko hanyoyinmu da kwalta. Kowace tambaya sai in ji kamar kyanwa ce take wasa da ɓera. Barci ya ƙaurace mini, na rame har Malam Haruna ya lura.

Ranar Juma'a na tare Bala a bakin shagon mai gurasa, na kama hannun jallabiyarsa.

"Me ka je yi gidanmu?"

Ya yi dariya, ya ɓamɓare hannuna a hankali. "Haba Sabo, za ka ɓata mini guga. Sirri ne, an rantsar da ni. Kai dai ka riƙe shirinmu, hanya ma ta ƙara buɗe maka."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saura 'yan kwanaki a tafi, Salihu ya aike ni unguwar Baɗha, ofishin masu sayar da tikiti, in karɓo takardun jirgi. Ma'aikacin wani Ba'indiye ne mai furfura, a bayansa akwai babbar taswirar duniya a bango. Ina jira yana buga hatimi, sai na yi ƙarfin hali na ce ya nuna mini Mombasa. Ya miƙe ya ɗora yatsa a gefen dama, bakin shuɗin ruwa. Na ce to ina Kano? Yatsan ya tashi. Ya yi ta tafiya hagu, ya ratsa wata ƙasa, ya ratsa wani ƙaton kore da ya ce daji ne, ya ratsa wata ƙasar, ya haura sama, sannan ya tsaya.

Na ce, "A mota kwana uku?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Da irin Larabcinmu na baƙi ya ce, "Aboki, wa ya gaya maka? Da ka tashi daga Mombasa, da ka tashi daga nan Riyad, bambancin kaɗan ne. Kuma iyaka bayan iyaka, kowace sai biza." Ya sassauta murya kamar ya gane abin da ban faɗa ba. "Fasfo ma ba a hannun fasinja yake zama ba. Ofishin jirgi ke riƙewa, kati kawai suke ba ka ka sauka da shi."

Na samu kujera na zauna. Bawan Allah nan ya sa aka kawo mini shayi, bai tambaye ni komai ba. Da zan fita ya ba ni wata takardar talla mai ƙaramar taswirar Afirka a bayanta, ya ce in riƙe. Ban san sunansa ba har yau, ina dai sa shi a addu'a.

Za ka ce daga nan na haƙura. Ban haƙura ba. Na ce ko ba fasfo, ko a ƙafa ne, gara ina tafiya a ƙasar da ta haɗe da ta Inna da ina zaune ina jiran goben Salihu. Hankali ya ce mini hauka ne, na ce na ji. Na ninke rigunana biyu na ajiye daban.

Ana jibi za mu tashi zuwa Jidda, bayan la'asar, Baba ya ce in rufe ƙofa. Na rufe. Ya nuna bayan labule da haɓa.

"Jawo akwatin nan. Buɗe."

Sabon akwati ne, ban taɓa ganinsa ba. Na tsuguna ina tunanin me aka sa a ciki da za a ce ni na sata. Na buɗe.

Dabino ne a sama, mai kyau, irin wanda ake ba manyan baƙi. Ƙarƙashinsa jarkar zamzam, da mayafi, da turmin atamfa, da turaren wuta, da darduma mai laushi. A gefe kuma wata leda cike da tabarau kala-kala, wani gilashinsa siriri, wani kauri kamar gindin kofi.

"Ban san wanda zai yi mata ba," in ji Baba, "sai na ce a sayo duka. Atamfar kuwa, abokinka Bala ne ya zaɓa, ya ce irinta tsofaffinku suke so."

Na ɗago na dube shi.

"Na yi wa Salihu maganarka tun ranar kaset. Ya ce wata biyu ba zai yiwu ba. Gaskiyarsa ne, ni ma ba zan iya wata biyu ba. Amma yini ɗaya zan iya. Shi ya sa na ce sai wannan jirgin." Ya numfasa. "Ba zan sauka ba. Ka yi mini wanka da asuba ka kwantar da ni, ba zan ci ba, ba zan sha ba, don kada in buƙaci kowa. Kai kuma ka ɗauki tasi ka je ta gan ka. Salihu bai sani ba, ni zan ji da shi. Amma ka dawo kafin magariba, ya Sabu. Na tambayi abokinka, ya ce kusa ne."

Kunya ta rufe ni, da tausayi, da wani irin takaici da ban san wa zan ɗora wa ba. Tsohon nan tsawon rayuwarsa daga Riyad sai Makka sai Madina. A wurinsa Afirka gari ne guda, duk baƙin mutum daga can ya fito, in jirgi ya tsaya a bakinta to ya tsaya a ƙofar gidanmu. Mu ma da muke 'ya'yanta, a ɗakin Manfuha kusan haka muka ɗauka.

Na ciro takardar Ba'indiyen nan daga aljihu, na shimfiɗa a cinyarsa. Na nuna masa Mombasa, na nuna masa inda Kano take, na nuna masa Riyad a can sama a gefe. Ya sa babban yatsa a Mombasa, manuni a Kano. Ya ɗauke hannun a hankali ba tare da ya motsa yatsun ba, ya aza daga Riyad. Kaɗan ya rage su kai.

"Duk wannan Afirka ce?"

"Duk ita ce, Baba."

"To don me abokinka ya ce kusa ne?"

"Baba, wa zai zauna a gabanka ya ce maka a'a?"

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗago da idon nan nasa mai bincike.

"Kai ka san da nisa. Amma na ga ka ware riguna biyu. Da ka sauka, za ka dawo?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba.

"Kira mini Salihu," in ji shi.

Ina tsakar gida ina jiyo su. Ban taɓa jin Salihu ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar, shi ma ɗin daga baya ya yi ƙasa da ita. Baba ya ce ba jirgin da zai shiga, kuma ba zai sake cin abincin gidan ba sai an ba ni biza. Tafiya ta rushe. Salihu ya fito ya wuce ni kamar bai ga mutum ba. Ya yarda, amma da sharaɗin sai an samo wanda zai maye gurbina na koya masa aiki, kuma ya tabbata bai yi gaggawar samowa ba. Kwanaki suka zama makonni, makonni suka zama watanni. Daga ƙarshe aka kawo wani ɗan Pakistan mai nauyin hannu. Ina gani yana fama wa Baba kafaɗa, tsohon ya cije leɓe ya ce, "Ya iya, ya iya, a ba Sabu fasfonsa."

Bala Jidda kuwa da na gaya masa yadda aka yi, kafaɗa ya ɗaga. Ya ce shi dai ya ga hanya ta buɗe mini, kuma Balaraben ya sallame shi da kyau. Ban sake zama kusa da shi ba.

Na isa Ringim an gama girbi. Na yi sallama a zaure na shiga da akwatin a kai. Inna tana zaune a tabarma a gindin bango. Ta amsa, ta juyo da fuska, amma ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan, wajen randa. A nan na sani.

"Ya rufe tun dawa tana fitar da kai," in ji ta. "Matso."

Na durƙusa. Ta bi fuskata da tafin hannu, goshi, kunci, haɓa. Ta ce na yi gemu, ta ce na rame, ta ce ba sa ba ni abinci ne? Na yi kuka kamar yaro, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Da aka natsa na buɗe akwatin, na ba ta labarin tsohon da jirginsa da tasin da zan ɗauka daga Mombasa. Ta yi dariya har da tari. Ta ce a miƙo mata ledar. Ta gwada tabaran ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kai kamar mai duba sama, ta zaɓi mafi kauri ta bar shi a fuska.

"Ka gaya wa Balaraben nan ya yi mini daidai."

Duk wanda ya zo yi mini barka da zuwa, da shi ya same ta. 'Yan uwa suka ce kada in koma, tunda Allah ya fitar da ni. Inna ta ce mutumin da ya yi niyyar yini da ƙishirwa domin ta, ba a yi masa haka. Hutuna yana cika na koma.

Na tarar da Baba ya zube, kafaɗarsa ta kumbura. Na gaishe shi, bai amsa gaisuwar ba.

"Ta gan ka?"

Na ce, "Ta ce in gaya maka tabarau ya yi mata daidai."

Ya ƙura mini ido, irin kallon da yake yi wa gahawa kafin ya kurɓa. Na tsaya ban kawar da nawa ba, amma tsohon nan ba a yi masa wayo.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, muryar can ƙasa. Sai ya kawar da fuska ya juya wajen taga, daidai yadda ya yi a mota ranar da ya ce in kashe kaset. Wannan karon ina kusa, na ga abin da ke gangarowa cikin gemunsa.

Na yi kamar ban gani ba, na je na haɗa masa ruwan alwala.